Rawanin da Ban Wanke Ba

Na san abin da kuke faɗa wa 'ya'yanku idan sun tambaye ku dalilin da ya sa dangin babanku suke kirana Alƙaliya. Kuna cewa wai ina amarya na tsaya a tsakar gida na yi wa surukina faɗa har sai da ya ba ni haƙuri. Ban san wanda ya fara zuba wa labarin nan gishiri ba, amma ina zargin gwaggonku Asabe, Allah ya jiƙanta, domin ita ko ƙwai ɗaya kaza ta saka sai ta ce uku ta gani. Ban yi wa kowa faɗa ba, ban ma tsaya a tsaye ba, a durƙushe nake tun daga farko har ƙarshe. Tunda Allah ya ara min kwana, kuma idona yana ganin layin takarda, bari in rubuta muku yadda aka yi, don kada ku ci gaba da yi wa kakanku ƙarya, ku kuma daina yi wa babanku kallon wanda ya taɓa raina ubansa.

A Jajaye aka haife ni, a gidan shanu. Fillanci muke yi a cikin gida, Hausa kuwa sai in mun ɗauki nono zuwa kasuwa, shi ya sa har yau in raina ya ɓaci harshena yake karkacewa kuna yi min dariya. Ranar da za a kai ni Rogo, mahaifiyata Dada ba ta yi min dogon wa'azi ba. Abu ɗaya ta yi ta nanatawa: uban miji ba a kallon idonsa, ba a kama sunansa, ba a yi masa magana in ba gaisuwa ba, ita ma daga bayan ƙofa. Ta ce ranar da ta ji labarin na buɗe baki a gabansa, in nemi wata uwar. Na karɓi maganar da hannu biyu. Na yi wata shida a gidan kakanku ban san kalar idonsa ba, amma na san takalmansa fiye da yadda shi ya san su.

Kakanku, wanda duk gidan muke kira Baba, shi ne mai unguwarmu. Dogon mutum ne mai tsafta har ta yi yawa, ba ya son hayaniya, ba ya kuma maimaita magana. A wancan zamanin, cikin shekarun tamanin, duk harkar mulkinmu a Karaye take, don haka duk sanda dagaci zai je gaida hakimi, da Baba ake shiga mota. Yakan fita da farar babbar riga, da jamfa da wando farare, da rawanin harsa wanda yake ɓata lokaci wajen naɗa shi fiye da yadda nake ɓatawa wajen kwalliya. Kakarku Iya ta yi shekara talatin tana wanke masa waɗannan kaya, to da na zo hannuwanta sun fara ciwo, sai ta miƙa min daro da sabulu da ƙullin bula ta ce ga gadona. Ni kuwa na ji daɗi, domin wanki ne kaɗai hanyar da zan yi wa Baba hidima ba tare da na haɗa ido da shi ba. In jawo ruwa a rijiya, in jiƙa, in cuɗa, in sa bula daidai yadda fari zai yi haske bai koma shuɗi ba, in shanya, in hura gawayi a dutsen guga. In ya sa kayan ya fito, ina leƙensa ta tsagar asabari ina jin kaina kamar ni aka naɗa.

Babanku, Malam, yana koyarwa a firamare. Mutum ne mai son karatu, shi ya koya min wannan rubutun da kuke gani, da haƙurin da ban taɓa ganin ya yi wa ɗalibansa ba. A shekarar da aka kawo ni ne ya sayi rediyo mai kaset, ya shiga sauraron wa'azi safe da yamma, ya kuma ƙaru ƙwarai, ni ma na ƙaru, don a nan na gyara alwalata. Sai dai shi in ya koyi abu yau, yana so gobe da safe duniya duka ta gyaru. Wata rana da bazara ya je Karaye karɓo wata takarda a ofishin ilimi, hanya ta biyo da shi ta ƙofar gidan hakimi, ya tarar da masu gaisuwa sun zube. Ya tsaya can bayan jama'a yana kallo. A cikin waɗanda suka faɗi ya gane bayan rigar ubansa, ya ga gadon baya a sunkuye, kai ya ɓace ƙasa. Ya dawo gida ko tuwo bai taɓa ba.

Washegari da safe, lokacin da ya saba zuwa ya durƙusa a ƙofar turakar Baba, sai ya je ya tsaya ƙiƙam, ya miƙa hannu. Ina bakin murhu, duk abin da aka yi a kunnena.

“Gwiwarka ce take ciwo?” in ji Baba.

“Lafiyata ƙalau, Baba. Na daina durƙusa wa kowa ne. Jiya na gan ku a Karaye, na ga kun kai goshinku ƙasa a gaban mutum ɗan'uwanku. Sujada ta Allah ce shi kaɗai. Wanda ya yi wa wani, ya yi shirka.”

Baba ya ce, “Da idonka ka gani?”

“Da idona.”

“To madalla. Je ka, kada ka makara a makaranta.”

Shi ke nan abin da aka faɗa, amma gidan nan ya yi wata uku bai dawo daidai ba. Da a akushi ɗaya suke cin tuwo, sai ya zama akushi biyu nake jerawa, ɗaya a zaure, ɗaya a ɗakinmu. In za su masallaci, Baba ya bi ta gabas, Malam ya jira ya bi ta yamma, a hanyar da faɗinta bai fi a kora awaki biyu ba. Iya ta yi magana har ta gaji. Ta ce wa ɗanta ubansa bai taɓa yin abin da yake faɗa ba, ya ce ai ita ba ta taɓa zuwa Karaye ba, kare mijinta kawai take yi. Ta koma wajen Baba ta ce ya kira yaron nan ya yi masa bayani, ya ce shi ba zai zauna yana rantse wa ɗan da ya haifa cewa shi Musulmi ne ba. Iya ta dawo ta zauna kusa da ni tana tsinke zogale, ta ce taurin kan nan iri ɗaya ne, ita ta auri ɗaya ta haifi ɗaya, Allah ne kawai ya san laifin da ta yi.

Abin yana ba ni dariya wani lokacin, amma ya daina ba ni ranar da Malam ya shigo ya ce ya rubuta takardar neman canjin wurin aiki. A lokacin ina da cikin yayanku, ya shiga wata na bakwai, kuma bisa al'ada saura kwanaki kaɗan a zo daga Jajaye a tafi da ni goyon ciki. Ya ce in na gama wanka ba gidan nan zan dawo ba, zai kama mana ɗaki a duk garin da aka tura shi, domin ba zai reni ɗansa a gidan da ake faɗuwa a gaban mutane ba. Na ji tsoro ƙwarai. Ina son gidan nan. Ina son Iya da mitarta, ina son rijiyar, ina son tarin da Baba yake yi in zai shigo don in sami damar ɓuya. Kuma na san in muka fita a kan wannan maganar, Baba ba zai ɗauki jaririn nan ya yi masa huɗuba ba, ba don ƙiyayya ba, sai don ba wanda zai fara sauke kai a cikinsu.

A bakin daro na gane abin da ya fi ƙarfin maza biyu masu karatu. Damina ta sauka sosai, ƙasar Karaye kuwa in ta jiƙe ja ce, in ta kama farin yadi sai an yi da gaske. Duk sanda Baba ya dawo, gwiwoyin wandonsa biyu jawur, gwiwar hannun jamfarsa ta hagu jawur, bakin babbar riga kuwa ba a magana. Waɗannan wuraren na san su, su suke cinye min sabulu. Ranar nan na warware rawanin zan jiƙa, sai na tsaya da shi a hannu. Gumi ne kawai a cikinsa da ƙamshin turare. Na yi ta tunani baya, tun ranar da Iya ta ba ni daron nan, ban taɓa cuɗa jar ƙasa a rawanin Baba ba, ko sau ɗaya. Shi kuwa naɗinsa har bisa gira yake saukowa. Mutumin da yake kai goshinsa ƙasa a wannan taɓon, ta yaya rawaninsa zai dawo fari tas?

Na gaya wa Malam a ɗaki, ya ce wanki daban, ilimi daban. Raina ya ɓaci har na amsa masa da Fillanci, Allah ya sa ba ya ji. Daga nan na yanke shawarar da na san Dada ba za ta yafe min da wuri ba. Da Baba ya sake zuwa Karaye ya dawo, Iya ta miƙo min kayan, sai na ninke su yadda suke da dattinsu, na tura ƙarƙashin gado.

Ranar Asabar da hantsi, ba makaranta. Baba yana kan buzunsa a inuwar darbejiyar tsakar gida yana jan carbi, Malam yana can gefe ya juya masa baya yana gyaran sarƙar kekensa, Iya tana tankaɗe a ƙofar ɗakinta. Na ɗauko daro da kayan a ciki, na ja mayafi har ya rufe min fuska, na zo tsakiyarsu na durƙusa da ƙyar, ciki ya yi min nauyi. Tunda an hana ni yi wa Baba magana, sai na fuskanci Iya, na ɗaga murya daidai yadda kowa zai ji.

“Iya, tambaya gare ni a kan wanki, ni baƙuwa ce ban san kan abubuwa ba.”

Iya ta ajiye rariya ta ce, “Ina jin ki, 'yar nan.”

Na ɗaga wandon, kunya kamar ta kashe ni, na ce, “Wannan jar ƙasar ta gwiwa, ta ina ce?”

“Ta ƙofar gidan hakimi ce.”

Na ɗaga jamfar. “Wannan ta gwiwar hannu fa?”

“Ita ma ta can ce.”

Sannan na ɗauko rawanin na warware shi a kan tabarma, tun daga wannan bakin har wancan, fari sol. Na ce, “To Iya, shi wannan a mota ake barinsa in za a shiga gaisuwa? Tunda na zo gidan nan nake neman ƙasar Karaye a jikinsa, ban samu ba.”

Ƙarar sarƙar keke ta tsaya. Ban ɗago ba, amma na ga ƙafafun Malam sun matso, na ga hannunsa mai baƙin mai ya miƙo zai taɓa rawanin, Iya ta buge hannun ta ce kada ya ɓata shaida. Ya sunkuya ya bi yadin nan da ido kamar mai duba jarrabawar yara. Sai na ji wani sauti da ban taɓa ji ba a gidan: Baba yana dariya, ƙasa-ƙasa, har carbi yana kaɗawa a hannunsa.

“Kai, zo nan,” in ji shi. “Da ka gan ni a Karaye, a ina ka tsaya?”

“A baya, Baba.”

“A baya. To mai tsayawa a baya, in ban da gadon baya me zai gani?”

Ya tashi daga kan buzun, tsoho da shi, ya sauke gwiwoyinsa a ƙasa, ya dogara da gwiwar hannun hagu, ya dunƙule hannun dama ya ɗaga yana jinjina, ya ce wa ɗansa ya zagayo ta gefe ya duba. Ni ma na saci kallo ta ƙasan mayafi, ranar na fara ganin fuskarsa sosai. Tsakanin goshinsa da ƙasa akwai fili. Ya buɗe yatsunsa ya auna, taƙi guda cur.

“Ranar da aka naɗa ni,” in ji Baba, “mahaifina ya ja ni gefe ya koya min wannan. Ya ce gwiwa ta sarauta ce, ka ba su. Hannu nasu ne, ka ɗaga musu. Amma goshi yana da Mai shi, ko wa ka tarar a zaune ka bar wannan taƙin. Mala'iku sun faɗi ga Annabi Adamu don an umarce su, 'yan'uwan Annabi Yusuf sun faɗi gare shi don a zamaninsu an halatta, kuma duk girmamawa ce, ba bauta ba. Mu kuwa an rufe mana ƙofar gaba ɗaya, ta bautar da ta girmamawar. Kana tsammanin sai da aka ƙera rediyo mai kaset muka ji wannan?”

Sai na ga gwiwoyin Malam sun lanƙwashe a hankali, ya durƙusa a gaban ubansa, kansa a miƙe, hawaye yana zuba. Ya ce, “Baba, na yi muku ƙazafi. Ku yafe min.” Baba ya ce ya yafe tun ranar, jira kawai yake a tambaya. Amma ku san halin babanku, ko yana kuka sai ya ƙarasa darasi. Ya share ido ya ce, “Sai dai Baba, sunkuyon nan ma ya yi yawa. Ya yi kama da abin da ba shi ba, har ni ɗanku na ruɗe.”

Baba ya dafa kafaɗarsa ya miƙe da ƙyar, ya ce, “Gwiwoyina ma abin da suke faɗa min ke nan shekara biyar. Zan duba.”

Ya kuwa duba. Daga ranar, in ya je gaisuwa sai ya zauna a kan ƙafafunsa ya yi jinjina, bai ƙara dogara da gwiwar hannu ba, kuma ba wanda ya ce masa don me. Ni na fi kowa sanin haka, don sabuluna ya fara kai min wata. Malam ya je ya janye takardarsa. A ranar Iya ta ce in zuba tuwo a akushi ɗaya, kuma a ranar ne Baba ya leƙa ɗakinta ya ce a gaishe masa da Alƙaliya, a kuma roƙar masa ita ta wanke kayan nan haka, shari'a ta ƙare. Kun ji inda sunan ya fito.

Ban sha da daɗi ba. Kafin a zo ɗaukata labari ya riga ni isa Jajaye, ta bakin masu tallan nono, kuma kafin ya isa ya yi ƙiba: wai na ɗaga wandon surukina a gaban jama'a ina ihu. Dada ta karɓe ni ba ta amsa gaisuwata ba. Tana dafa min abinci, tana aiko min da shi, tana kwana a ƙofar ɗakina, amma sama da wata guda ba ta ce min uffan ba. In dole ta kama sai ta gaya wa ƙwaryar da ke hannunta, ni kuma in ji. Wannan ya yi min ciwo fiye da yadda zan iya rubutawa. Na yi kuka sosai, domin na san a wajenta ba ni kaɗai na kunyata ba, har da ita da duk wanda ya rene ta.

Naƙudar yayanku ta yi tsawo, kwana biyu, har aka aika Rogo cewa a taya mu da addu'a. A rana ta uku da hantsi Allah ya sauke ni lafiya, yayana ya hau keke ya tafi kai albishir. Abin da ya faru a can ban gani ba, Iya ce ta ba ni labari da ta zo barka, a gaban Dada, da gangan. Ta ce an yi ruwa da asuba, tsakar gida duk ta jiƙe. Baba ya gama shiri tsaf zai bi dagaci Karaye, ya naɗa rawani, Malam kuma yana zaune a bakin rijiya ya kasa zuwa makaranta. Da yayana ya yi sallama ya ce namiji ne, uwa da ɗa suna lafiya, Malam ya juya gabas ya faɗi ya yi sujadar godiya a nan inda yake. Baba ya dube shi, bai nemi buzu ba, bai tura rawani baya ba, ya zo kusa da ɗansa ya kai goshinsa har ƙasa. Iya ta ce sun daɗe a haka, kafaɗa da kafaɗa, har ta fara tunanin ko ta tashe su.

Sai ta kwance ƙullin da ta zo da shi, ta fito da rawanin ta shimfiɗa min a cinya, kusa da jaririn. A daidai goshi ga tambarin laka, faɗinsa kamar tafin hannu, ya bushe.

“Ya ce a kawo wa Alƙaliya,” in ji Iya. “Wai kin daɗe kina neman ƙasa a jikinsa, ga ta nan, ki ga inda ake samunta.”

Dada ta miƙo hannu ta ɗauki rawanin, ta juya shi, ta daɗe tana kallon lakar. Sannan ta dube ni, ni ɗin kaina, ba ƙwarya ba, ta ce da Fillanci in gyara wa yaron nan kai, ban iya riƙon jariri ba. Ban taɓa jin faɗa mai daɗin wannan ba.

Baba da kansa ya zo Jajaye ya yi wa yayanku huɗuba, aka kuma mayar masa da sunansa, shi ya sa har yau ba ku taɓa jin na kama sunan nan ba, ga kunyar ɗan fari ga ta suruki. Bayan na gama wanka na koma gidanmu na Rogo, a nan na haifi sauranku duka, a nan kuma nake zaune ina wannan rubutun, a inuwar darbejiyar. Na wanke wa Baba kaya shekara goma sha ɗaya bayan haka, har ranar da Allah ya karɓi abinsa, kuma bai taɓa samun tabo a abin da na wanke ba. Rawanin nan mai laka ne kawai ya tambaye ni ta bakin Iya, sau biyu, na yi kamar ban ji ba, shi ma ya bar maganar. Yana ƙasan akwatina na ƙarfe, a cikin farin ƙyalle. In na mutu kuka zo rabon kaya, wanda duk ya same shi ya ajiye yadda yake, kada wata mai son tsafta a cikinku ta kai shi bakin rijiya.